Dalhatu da Aljanar Cikin Tanki

Duk wanda ya sauka tashar Kurfi ranar kasuwa ya tambayi Dalhatu na Tudun Marke, kafin ya rufe baki za a ce masa, "Wai mijin aljana?" Labarin da ake bayarwa shi ne ya auri wata aljana fara sol da ke zaune cikin tankin ruwan ƙauyenmu. Wai ita yake hawa tsani ya kai wa turare duk ranar Alhamis, wai kuma abin da ya sa yake saukowa idanu jajur shi ne ta hana shi ƙiftawa a gabanta. A Dutsin-Ma na ji wani mai shayi yana rantsuwa cewa har sun haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya kwaɗo. Na kurɓi shayina na ce masa ai ni na raba goron suna.

To yau na ɗauki biro in wanke shi, duk da karatuna bai wuce inda malamin lissafi ya fara haɗa baƙaƙe da lambobi na gudu ba. Ni ne Rabe, taubashinsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka babu wanda ya fi ni ikon zaginsa, babu kuma wanda ya fi ni sanin gaskiyarsa. Gaskiyar ita ce babu aljanar da za ta auri Dalhatu. Aljanu ma suna da ido. Mutum ne dogo kamar an ja shi da igiya an manta ba a saki ba, wuya irin na zalɓe, kunnuwa kuwa in iska ta taso sai ya dafe su kada ya tsinci kansa a Birchi. Nana Hadiza da ta aure shi ma har yau muna yi mata addu'ar Allah Ya buɗe mata ido.

Abin da yake hawa da shi saman tankin nan tsintsiya ce da buroshi da bokiti, da wata farar hoda ta kashe cutar ruwa. Ita ce turaren aljanar. Ita ce kuma ke sa masa jan ido.

Kafin a kawo mana tanki, rijiyar Gangare muke sha, can ƙasan gari kusa da fadama. Rijiya ce ta kakanni, ruwanta sanyi kamar an fito da shi daga firiji, amma bakinta a ƙasa yake. Da damina duk abin da ruwan sama ya kwaso daga bayan gidaje da turakun dabbobi, hanyarsa ke nan. A lokacin Dalhatu facin taya yake yi a gindin marke, ba ruwansa da ruwa, wanka ma sai an yi masa wa'azi.

Nan zan ajiye wasa kaɗan. Yana da yaro, Talha, ɗan fari, mai irin kunnuwansa. Wata damina yaron ya tashi da safe yana bin kaji da gudu, da hantsi amai da gudawa suka kama shi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Dalhatu bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya koma gindin marke ya zauna yana ta goge tayar da babu huji a jikinta.

Da wata ƙungiya ta zo ta haƙa mana burtsatse mai aiki da hasken rana, ta ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe, ta ja bututu zuwa famfuna a tsakar gari da ƙasan gari, sai aka kafa kwamitin ruwa, aka ce ana neman wanda zai riƙa kula da wurin. Kowa ya shiga kallon takalminsa. Dalhatu ya ɗaga hannu tun mai magana bai kai aya ba. Daga ranar muka shiga uku. Akuya ba ta isa ta kalli famfo ba. Mace ta zo da jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi, sai ya karɓe ya sa wuƙa ya farke ta, ta yi ta zage-zage yana cewa, "Zage ni, Inna, amma da ranki za ki zage ni." Tsuntsu ya sauka kan murfin tanki, Dalhatu zai bi shi da jifa har iyakar Dutsin-Ma. Allah Ya ba shi ɗiya bayan Talha, Hamdiyya, ita kaɗai ce gare shi. Tun tana rarrafe ya san kowane ɗigon ruwa da ya shiga cikinta da suna.

Daminar bana amai da gudawa suka ɓulla a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Wata jami'ar lafiya daga Kurfi, Malama Lubna, ta zo a bayan babur ta ɗibi ruwan famfunanmu a 'yan kwalabe. Da ta dawo ta ce ruwan da ke fitowa daga ƙasa lafiyarsa lau, amma bututun da ke zuwa ƙasan gari ya tsage a inda ya ratsa kwata, ƙazanta na shiga. A ɗaure bututun, sannan a riƙa sa magani a tanki har cutar ta wuce. Ta ba Dalhatu hodar a leda, ta nuna masa awo da ɗan murfin kwalba, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Yana ta gyaɗa wannan dogon wuya.

Bututun kam bai ba shi wahala ba, tsohon mai faci ne, ya naɗe shi da robar taya. Da yamma ni na riƙe masa tsani. Ina kallonsa daga ƙasa ya ɗaga ɗan murfin ya duba, ya leƙa cikin tankin, ya sake duban murfin.

Ya ce, "Rabe, wannan ɗan abin ne zai tsare gari guda?"

Na ce, "Haka mai ilimi ta ce, kai mi ka sani ban da iskar taya?"

Bai yi dariya ba. Ya jefa murfin aljihu, ya ciro gwangwanin madara daga bokiti, ya cika shi har da tozo kamar mai auna wa surukinsa gero, ya juye. Na san wanda yake tunani lokacin. Ba gari ba ne.

Washegari Tudun Marke ta tashi tana warin asibiti. Koko ya koma kamar an dama shi da sabulu. Jakuna suka sunsuna suka juya baya. Baƙar akuyar innata ta daure ta sha, ni dai har yau ina ganin ta yi haske. Dalhatu kuwa sai murna yake, yana cewa warin shi ne shaidar magani na aiki.

Ubansa, Malam Ashafa, kawuna, shi ne limamin garinmu. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in ya yi tari a zaure sai unguwa ta yi shiru. Da azahar aka cika masa buta. Ya zuba a tafin hannu, ya kai hanci, ya ɗan ɗanɗana, ya ajiye butar. Ya ce da waɗanda ke wurin, abin da ya karanta a gaban malamansa shi ne, ruwan da aka zuba wa wani abu har launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya, in abin mai tsarki ne a sha, a yi girki, amma shi zuciyarsa ba ta natsu ya yi alwala da shi ba. Ya ce a ɗebo masa na Gangare.

Magana biyu Kawu ya yi. Gari ya ji ɗaya. Kafin la'asar an ce Malam ya haramta ruwan tanki, kafin magariba an ce wanda ya sha sai ya sake sallar shekara. Kuma ko waɗanda suka ji maganar duka, ga yadda gidajenmu suke: randa ɗaya ce, moɗa ɗaya a kanta. Wace mace ce za ta yi ɗibar ruwa iri biyu, na sha daban na alwala daban, ga surfe ga girki ga goyo? Maigida na buƙatar ruwan alwala tun asuba har isha. Sai aka cika randuna da na Gangare. Mai ƙishirwa kuwa ba ya tambayar randa daga ina.

Ban taɓa ganin mutum ya rame cikin 'yan kwanaki kamar yadda Dalhatu ya yi ba, ga shi dama babu abin ramewa. Famfunan da ake faɗa a kansu suka koma wurin hutun ƙadangaru. Ya tafi ya tsaya kan hanyar Gangare ya ware hannuwa, mata suna ratsa shi ta dama ta hagu da bokitai a ka.

"Gwaggo Kande, don Allah, don Annabi, ki koma."

"Kauce mini, ɗan nan. Ubanka ma bai yarda da ruwanka ba, sai ni?"

"Ya ce a sha!"

"To shi ya sha ka gani?"

Ya yi tunanin ya zubar da ruwan tankin ya sake tara wani, amma hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, injin ba ya ja sai kaɗan-kaɗan. In ya zubar, 'yan gidajen da suka rage tare da shi ma sai sun gangara. Kuma a ransa bai yarda maganin ya yi yawa ba. Gani yake in wari ya tafi, cuta ta shigo.

A gidanmu ba a mayar wa Kawu magana. Amma ranar nan Dalhatu ya ja ni muka shiga zaure, ya durƙusa har gwiwarsa na taɓa kunnensa.

"Baba, a taimaka a yi wa mutane magana a masallaci."

"Na ce a sha, Dalhatu. Mi kuma zan ce?"

"Ba su ji wannan ba, Baba."

"Ka cire musu warin, za su dawo da ƙafarsu."

"In na cire, cutar tana Birchi, tana tafe."

"Rai a hannun Allah yake."

"Haka ne, Baba. Talha ma..."

Bai ƙarasa ba. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sannan ya ce, "Tashi ka je, Allah Ya yi maka albarka." Muka fito. A ƙofar gida Dalhatu ya dafa bango ya ce, "Rabe, ina ganin cutar nan tana zuwa kamar yadda nake ganinka, kuma ba ni da abin tare ta."

Da ya ga gari ya fi ƙarfinsa, sai ya tattara duk tsaronsa a kan Hamdiyya. Ya sa Nana Hadiza ta ɗaura mata 'yar gora a wuya. Ya zaga maƙwabta yana roƙon kada a ba ta ruwa ko ta yi kuka. Gida ɗaya ne bai iya zuwa ya faɗi haka ba. Kullum da hantsi yarinyar nan takan tafi zauren kakanta, shi kuma ya ce, "Ga amaryata ta iso, yau mi kika dafa mini?" ta haye cinyarsa, ya dama fura da hannunsa su sha tare. Da ruwan randarsa.

Ranar Laraba da safe Nana Hadiza ta fito tsakar gida tana kiran sunansa da wata irin murya. Kafin in iso da babur ɗina, yarinyar ta yi laushi kamar tsumma, idanu sun faɗa ciki, in ka tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a tsunkule. Ruwan gishiri da sukari da ake ɗura mata yana dawowa tun bai sauka ba. A ɗan ɗakin shan maganinmu babu ƙarin ruwa, ya ƙare a kan wasu. Sai Dutsin-Ma.

Dalhatu ya fizge makullin ya hau gaba, ni na rungume ta a baya cikin zanen uwarta. Ana yayyafi, hanya ta zama kunu. A rafin da ke gaban Birchi muka sauka, ya tura babur ruwa har cinya, ni ina ɗauke da ita a sama. Ni dai ko gezau ban yi ba, kun san ni da taurin zuciya, ni ke ba shi ƙarfin gwiwa. Shi kuwa duk tafiyar magana ɗaya yake yi ba tare da ya waiwayo ba: "Hamdiyya, ce Baba. Hamdiyya, ce Baba." Da farko tana ɗan motsa baki. Daga baya ta daina. Sai ya koma tambayata, "Tana numfashi?" in ce tana yi. Wani lokacin na sani, wani lokacin ban sani ba.

Asibitin ya cika har baranda, mutane kwance a tabarmi, ledojin ƙarin ruwa rataye a ƙarafan taga. Ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ɗaya ta rasa, ta koma ƙafa. Dalhatu ya juya fuska bango. Da ruwan ya fara ɗiga sai ya zauna a ƙasa yana kallon ɗigon, kamar in ya ƙifta zai tsaya.

A nan Malama Lubna ta same mu, ta zo duba yawan waɗanda aka kawo daga ɓangarenmu. Ta ce yaya mutanen Tudun Marke suka koma rijiya alhali suna da tanki? Ya ce warin magani ne ya kore su. Ta ce ai awon da ta nuna masa, sai mai dogon hanci ne zai ji ƙanshinsa. Nawa ya sa? Ya nuna mata tsawon gwangwanin da yatsu.

Ta dafe kai. "Malam Dalhatu! Ruwan sha na ce ka gyara, ba wankin farar shadda ba."

Ya dube ta, ya dubi yarinyar. Ya ce a hankali, "Ashe ni na kora su Gangare da hannuna." Ta ce ba haka take nufi ba, ta shiga lallashi, amma bai ƙara jin komai ba.

Washegari sai ga Kawu, mutumin da ya yi shekaru bai wuce iyakar gonarsa ba, an ɗauko shi a mota tare da Nana Hadiza. Ya tsuguna gefen tabarmar ya ce, "Amaryata, angonki ya zo." Ba ta buɗe ido ba, amma ta kama ɗan yatsansa. Sannan ya ɗago ya ce, "Furar nan ce?" Dalhatu ya ce, "Baba, laifina ne, na cika magani." Kawu ya ce, "Ban tambaye ka wannan ba." Ya tashi ya ce in mayar da shi gida tun rana ba ta yi sanyi ba, don hanyarmu yanzu ba a son binta da yamma.

Mun tarar an kai wasu yara maƙabarta a bayanmu. Ranar Juma'a da aka sallame, Kawu bai nufi gida ba. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe tsakar gari, jama'a suka bi shi ba su san ina za shi ba. Ya tsaya gaban famfo, ya ce a ba shi moɗa. Ya tara ta cika. Warin nan na bugun hanci daga nesa. Ya yi bisimilla ya shanye, fuskarsa ta tattare kamar ya tauna maɗaci, ya sake tarawa ya shanye.

Ya ce, "Ranar nan na yi magana kuka ɗauki rabi kuka bar mini rabi, ni kuma na yi shiru. Ga sauran. Alwala tsakanina da butata ce. Wanda ke da irin shakkata ya ajiye ruwan alwalarsa a jarka a waje, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Amma randa, daga yau, ta tanki ce. Jikata tana kwance a Dutsin-Ma, ban san ko zan sake ganinta ba, kuma da hannun nan na ba ta."

Ya ɗaga hannun. Gwaggo Kande ce ta fara juye bokitinta a ƙasa ta tara a famfo.

Hamdiyya ta tashi. Ta dawo kamar tsinken tsintsiya, sai kunnuwan gado, amma ta dawo, kuma har ta koma cin zarafin angonta a zaure. Yanzu in ka shigo Tudun Marke za ka ga jarkoki masu jan ƙyalle a ƙofar gidaje. Ko Kawu na alwala da ruwan tanki tun da warin ya tafi? Ban tambaya ba, buta tasa ce.

Kada ku ɗauka an gama. Bututun nan har yau robar taya ce ke riƙe da shi, kwamiti na ta zuwa Kurfi ana cewa a dawo. Hodar ta kusa ƙarewa. Damina kuma ba ta mantuwa. Duk Alhamis ina riƙe masa tsani, ina ganinsa ya cika ɗan murfin nan ya share bakin murfin da tsinke, ya tsaya yana kallon sauran hodar kamar mai azumi a gaban tuwo, sannan ya ɗaure ledar da ƙarfi.

Alhamis ɗin da ta wuce na karanta masa wannan rubutu yana saman tsani. Da na gama na ce, "To, mijin aljana, na wanke ka. Ka gaida mini uwargida, ka ce ina tambayar lafiyar ɗanku kwaɗo."

Ya leƙo da wannan wuya nasa ya ce, "Za ta ji. Amma koma wurin da ka rubuta ko gezau ba ka yi ba. Tun daga rafin Birchi har ƙofar asibiti kana rusa kuka a bayana kamar an yanka maraƙi, majinarka ta jiƙa mini riga fiye da ruwan sama. Rubuta wannan in kai namiji ne. In ba za ka iya ba, riƙe tsani ka rufe mini baki, shi kaɗai ne rijiyar da ta rage a garin nan ba murfi."